Baba na son jirgin kwal: ina za mu kai shi hutun ƙarshen mako a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Leeds, ina zaune da maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara biyar. Mahaifina zai zo mana daga Zariya a watan Agusta. Ba shi da labarin da ya wuce na jirgin kwal da ya riƙa shiga zuwa Kano yana yaro. Na ji an ce a ƙasar nan har yanzu irin waɗannan jirage suna ɗaukar mutane a karkara. Ina so mu fita daga Juma'a zuwa Lahadi. Ina ya fi dacewa, kuma yaya za mu tsara? Baba yana da ciwon gwiwa, ba ya iya doguwar tafiyar ƙafa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo Baba lafiya, ya sa ka rabu da shi lafiya. Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin sana'ata duba tukwanen tururi ne na masana'antu, a ranakun hutu kuma ina aikin sa kai a garejin wani ƙaramin layin jirgin tarihi. Da goge kan jirgi na fara, yanzu ina koyon zuba wuta.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Tun watan Agustan 1968 jiragen tururi suka daina aikin yau da kullum a babban layin dogon Birtaniya, amma ƙungiyoyin masu sha'awa sun sayi guntayen layukan da aka rufe, suka gyara su, suna tafiyar da tsofaffin jiragen a kai. Ɗaya daga cikin na kusa da ku shi ne na Keighley zuwa Oxenhope, mil 5 kacal, wanda yini ɗaya ya ishe shi har da ragi. Tunda kwana biyu kuke so, ku nufi North Yorkshire Moors Railway, layin da ya tashi daga garin Pickering, ya ratsa Levisham da Goathland da Grosmont, ya dire a Whitby bakin teku. Mil 18 ne daga Pickering zuwa Grosmont, sannan tun 2007 wasu jiragensu suna ƙarasa mil 6 zuwa Whitby a kan layin gwamnati.

To, ba a zaɓen layi gizo ke saƙar ba. Yawancin baƙi sukan sayi tikiti daga wannan ƙarshe zuwa wancan, su zauna a tarago kusan awa biyu, su ci kifi a Whitby a gurguje, su sake zama awa biyu su dawo. Doka ba ta yarda jirgin tarihi ya wuce mil 25 a awa ba, saboda haka tafiyar a hankali ake yin ta. Kafin a dawo yara sun gundura, gwiwar dattijo ta sage, kuma abin da aka zo dominsa ba a gan shi ba, don wanda ke cikin tarago ba ya ganin kan jirgi. Abin da Baba yake kewa ba kujera ba ce. Warin kwal ne da baƙin mai, da hucin tururi, da ƙarfen nan mai numfashi kamar dabba. Wannan kuwa a ƙasa ake samunsa: a gareji, a bakin dandamali, a gefen hawa. Shawarata ɗaya ce, sauran duk reshenta ne: ku kwana a tsakiyar layin, ku rage zama cikin jirgi, ku yawaita tsayuwa kusa da shi.

Ku nemi masauki a Grosmont. Mutanen wurin ba sa furta harafin "s" ɗin, "Gromont" suke cewa. Ƙauye ne ƙarami a kwarin kogin Esk, dogo ya raba shi biyu, kuma nan ne garejin kawunan jirgi yake. Goathland ya fi shi fili da kyan gani, tumaki na kiwo a bakin gidaje ba mai kora, sai dai tasharsa tana can ƙasan gari, kuma tun da aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Harry Potter na farko a tashar, cinkoson rana ba ya yankewa. Saboda gwiwar Baba, Grosmont ya fi. Amma shi ma titinsa yana miƙewa sama da tsananin tudu da zarar an bar tasha, don haka kafin ka biya kuɗi ka buga waya ka tambaya: taku nawa ne daga ƙofar gidan zuwa mararrabar jirgi, kuma akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa? Tsofaffin gidajen ƙauyen Ingila matakalarsu ƙunci gare ta da tsayi. Agusta lokacin hutun makarantu ne, ɗakuna kan ƙare tun da wuri, kada ka jira sai Baba ya sauka.

Na fi son ku kama gida sukutum mai kicin, maimakon masaukin da ake ba da ɗaki da karin kumallo. Karin kumallon Turawan karkara naman alade ne da tsiren hanji da wani baƙin curi da ake yi da jini. Idan ka faɗa musu tun farko za su ba ku ƙwai da wake da burodi ba tare da wata damuwa ba, amma dattijon da ya saba da koko da tuwon dare zai fi sakewa idan uwargida ta zo da miyarta a kula. Ku sayi naman halal ɗinku a unguwar Harehills ta Leeds kafin ku taso, domin a ƙauyukan nan babu shi. Akwai ɗan kantin haɗin gwiwa a Grosmont da ke ci tun 1867, za ku sami madara da burodi da ƙwai. Ku sa buta da darduma a mota. Masallacin da za ku wuce a hanya shi ne na York, a Bull Lane. Daga nan gaba sai dai ku yi jam'inku a masauki.

Ku taso bayan Juma'a. Hanyar A64 ce zuwa Malton, sannan A169 ta Pickering. Da yammacin Juma'ar bazara A64 kan cushe da masu tafiya bakin teku, ku ƙara wa lissafinku lokaci. Bayan Pickering hanya za ta hau saman tudun, bishiyoyi su ɓace, sai fili iya ganinka. Wanda ya taɓa hawa Mambila zai ji kamar ya san wurin. Kun kuma dace da wata: daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba gajeriyar ciyawar da ta rufe tudun, wadda suke kira heather, take fure, duk dajin ya koma launin shunayya kamar an shanya rini. Akwai wurin ajiye mota a gefen hanya daidai Hole of Horcum, wani makeken kwari mai siffar akushi. Ku tsaya minti goma, Baba zai gan shi ba tare da ya yi tafiya ba. Can gaba za ku hango wani gini shi kaɗai a daji kamar dalar gyaɗa da aka sare wa kai. Na'urar hangen sararin sama ce ta sojoji a Fylingdales, yara za su tambaya. Ka rage gudu, tumaki na kwanciya a kan kwalta. Idan babu mota, bas ɗin Coastliner mai lamba 840 yana tashi daga Leeds ya bi York da Malton da Pickering, kaɗan daga cikinsu su wuce ta Goathland zuwa Whitby. Jirgin zamani ba ya zuwa Pickering, an cire dogon da ya haɗa ta da Malton bayan rufewar 1965, amma yana zuwa Grosmont daga Middlesbrough sau kaɗan a rana.

Safiyar Asabar ita ce zuciyar tafiyar, kada ku yi baccin safe. Daga tashar Grosmont akwai 'yar hanyar ƙafa da ke tsallaka rafi ta shiga wani ƙaramin rami a cikin dutse, mai baki kamar ƙofar ganuwa. Ba don mutane aka haƙa shi ba. Lokacin da aka buɗe layin a 1836, bisa tsarin injiniya George Stephenson, dawakai ne ke jan taragon, kuma ta ramin nan suke bi. Sai da kamfanin George Hudson ya sayi layin a 1845 aka kawo tururi, aka haƙa babban ramin da ke gefensa. Ku bi ta na dawakan, tafiyar mintuna kaɗan ce kuma babu hawa sosai, za ku ɓulla a gareji. Ku isa da zarar an buɗe wa baƙi.

Bari in gaya maka abin da za ku tarar, don ka iya yi wa yara bayani. Ba a tayar da kan jirgi da mukulli. Idan ya huce sarai, tun jiya ake kunna masa 'yar wuta ta ɗumama shi, saboda ƙarfe mai kauri idan aka gaggauta masa zafi, wani ɓangare ya buɗe kafin wani, sai haɗin ya fara yoyo. Da asuba mai wuta zai kwashe tokar jiya, ya shimfiɗa kwal, ya jefa katako da tsumma mai mai a shebur. Da farko hayaƙin rawaya ne, mai nauyi, yana fitowa ta ƙofar murhu ya cika ɗakin direba har ido ya yi ruwa. Sai a jira. Bayan awanni za ka ji tukunyar ta fara wani siririn kuka kamar butar shayi kafin ta tafasa, allurar geji ta ɗaga daga sifili. A lokacin direba yana ƙarƙashin jirgi da gwangwanin mai, yana bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowace da bayan hannu. Ranar da na fara jin wannan kukan, hannuna baƙi ƙirin, sanyi na cizon kunnena, na daɗe tsaye ban ce komai ba. Shekaru ina lissafin tururi a takarda, ranar na ji shi yana farkawa.

Ɗauki irin kan jirgin da ake kira Black Five, wanda layin ke da su. An ƙera 842 tsakanin 1934 da 1951. Tukunyarsa tana aiki da matsin da ya kai kusan ninki bakwai na iskar tayar mota, kuma a wannan matsi ruwan ciki yana kusan digiri 200 bai gama zama tururi ba. Keken da ke bayansa yana ɗaukar tan 9 na kwal da ruwa lita dubu 18. Wutar murhu tana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan, tururi ya taru a sama, direba ya buɗe masa hanya zuwa silinda biyu, ya tura fistin gaba ya dawo da shi baya, sanduna su juya ƙafafu masu tsayin ƙafa shida. Hikimar da ta fi burge ni ita ce inda tururin ke bi bayan ya gama aiki. Ba a zubar da shi haka nan. Ana harba shi sama ta cikin bututun hayaƙi, shi kuma yana fita yana zuƙo iska ta ƙarƙashin wuta, tamkar zugazugin maƙeri. Wato duk lokacin da jirgi ya ƙara wahala, wutarsa ƙara ruruwa take da kanta. Wannan "cuf, cuf, cuf, cuf" da ake ji shi ne fitar tururin, sau huɗu a kowane juyin ƙafa. Ka sa ɗanka ya ƙirga.

Baba zai lura da abu ɗaya nan take: wannan ya fi wanda ya sani girma. Gaskiyarsa. Tsohon dogon Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, na Ingila kuwa 1,435. Amma dangi ne na jini. Kawunan jirgin da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda suka yi ta jan gyaɗa da auduga da fasinja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yawancinsu a masana'antun Birtaniya aka ƙera su, irin su Vulcan Foundry da ke Lancashire da North British ta Glasgow, suna cin kwal ɗin Inugu. Warin iri ɗaya ne, usur ɗin ma kusan haka. Yawancin mutanen da za ku gani cikin shuɗin kaya masu maiƙo 'yan sa kai ne, da yawansu dattawa sa'o'in Baba. Idan ba su cikin tsakiyar aiki, ka gaishe su ka ce mahaifinka ya shiga jirgin tururi a Najeriya. Na sha ganin yadda fuskarsu ke sakewa da jin irin wannan. Sau da yawa idan jirgi na tsaye a dandamali direba kan bar mutum ya leƙa ɗakinsa ya ga wuta. Alfarma ce, ba haƙƙi ba, a roƙa da ladabi, kuma matakalar tana da tsayi, ka tsaya a bayan Baba.

Daga nan ku shiga jirgin safe mai zuwa kudu, wajen Pickering. Ku nemi taragon da ke bin kan jirgi, ku sauke gilashin taga kaɗan. Da fita daga rami za a fara hawa, kuma wannan mil uku da 'yan kai zuwa Goathland su ne mafi daraja a duk layin. Dogo yana ɗagawa ƙafa ɗaya a kowace ƙafa 49. A mota ba za ka ma ji shi ba, amma ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da riƙo, ga taragu shida ko bakwai cike da mutane a baya. Za ku ji sautin ya canza, ya yi kauri, yana dukan bangon dutse yana dawowa. A gaba mai wuta yana tsaye a ƙasan da ke rawa, yana jefa kwal shebur bayan shebur, ba tuli ɗaya ba, kowane da gurbinsa: kusurwar baya ta dama, ta hagu, gefe, can gaba. In ya cika wuta ta shaƙe, in ya rage rami ya buɗe iska mai sanyi ta shiga, allura ta faɗi. Idonsa ɗaya kuma yana kan gilashin ruwa, saboda rufin murhu dole ya kasance cikin ruwa kullum. A hawa ruwan yana gangarowa gefe guda, da an kai ƙoli ya koma ɗaya gefen. Idan an yi yayyafi ko ganye ya zuba, ƙafafu kan zame su yi ta juyawa a wuri ɗaya da ruri, direba ya rufe tururi da sauri, ya saki yashi a kan dogo, ya sake lallaɓawa. Duk wannan cikin kusan minti goma sha biyar.

Bayan Goathland jirgin zai huta. Zai ratsa fadamar Fen Bog, inda ake ba da labarin cewa masu ginin farko da itatuwa da damman ciyawa da fatun tumaki suka cike laka kafin dogo ya zauna, sannan ya gangara Newtondale, kwazazzabon da ruwan narkewar ƙanƙara ya yanka tun zamanin da. Babu titin mota a cikinsa, sai daji da rafi, waya ma kan ɗauke. Akwai 'yar tasha a ciki da jirgi ba ya tsayawa sai an nema. Ba taku ba ce wannan karon, haka ma Levisham, wadda ƙauyenta ke can saman tudu fiye da mil guda. Ka lura a tashoshi za ka ga ma'aikacin sigina yana miƙa wa direba wani abu a zoben fata ko ƙarfe. Dogon ɗaya ne, shi ya sa ba mai shiga wani yanki sai da wannan shaida a hannunsa, kuma na'urar ba ta sakin biyu a lokaci guda. A Pickering ku sauka ku tsaya a ƙarshen dandamali, ku kalli yadda ake kwance kan jirgi ya zagayo ta ɗaya dogon ya kama taragu ta baya. Garin kasuwa ne mai tsohuwar ganuwa, ya isa a ci abincin rana a miƙe ƙafa, sai ku dawo. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne kowace tafiya.

Idan da sauran ƙarfi, ku sauka a Goathland a dawowa. Baba da uwargida su zauna a ɗakin shan shayi na tasha, wanda tsohon rumbun kaya ne, kai da yaron ku bi hanyar ƙafa da ke gefen dogo zuwa Darnholm. Ba nisa, amma akwai matakala. Ku zauna a kan ciyawa ku jira mai hawowa daga Grosmont. Za ku ji shi tun kafin ku gan shi, sannan farin tururi ya ɓullo saman bishiyoyi, sannan shi kansa ya karyo kwana yana huci, ƙasa na motsi a ƙarƙashinku. A ganina nan ne wuri mafi kyau a layin, kuma ba a biyan ko kwabo.

Whitby kuwa ku je ta da mota da yammacin Asabar, tafiyar kamar minti ashirin, lokacin da 'yan yini suka fara watsewa. A Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas ko bayan haka. Kangon tsohon gidan ibadar da ke kan dutse ana hawansa ta matakala 199. Kada Baba ya gwada, akwai titin mota da ke zagayawa har sama. Sai maganar kifi, wadda nake so ka riƙe da kyau. Garin ya yi suna da soyayyen kifi da dankali, amma a Yorkshire shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya, ba da man gyaɗa ko na ganye ba, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Mutanenmu kan ɗauka kifi ai ba matsala. Ka tambaya kai tsaye da wane mai ake suya, me ke cikin kwaɓin; ba sa jin haushi, kuma akwai masu man ganye. Abin da zai fi faranta wa Baba rai shi ne bandar kifinsu. Gidan Fortune's da ke Henrietta Street tun 1872 suke banda da hayaƙin itace, tana ƙarewa da wuri, amma ana samunta a karin kumallon masaukai da yawa na yankin. Ku yi hattara da tsuntsayen teku, suna fizge abinci daga hannun yaro.

Lahadi ta ƙafa ce ga masu iyawa. Ku hau jirgi zuwa Goathland gaba ɗaya, Baba ya sake jin hawan, sannan ɗaya daga cikinku ya dawo da shi a jirgi, ɗayan ya gangaro da yara ta tsohuwar hanyar Stephenson, mil uku da rabi, kusan duk gangare da shimfiɗa. Farkonta shi ne tudun Beck Hole, wanda ya fi ƙarfin doki da jirgi, sai da igiya ake jan taragu a kansa. A 1864 igiyar ta tsinke, mutum biyu suka rasu, a shekarar da ta biyo baya aka buɗe kewayen da kuka hau jiya. Yanzu hanya ce mai inuwa, rafi na bin gefenta. 'Yar shekara biyar za ta iya idan ba a gaggauta ta ba. Ku rufe duk ƙyauren gona da kuka buɗe, ku sa wa yara dogon wando, da dare a duba jikinsu saboda kaska tana cikin ciyawar da tumaki ke bi.

Akwai abin da zai iya ɓata shirin, gara ka sani tun yanzu. Jirgin kwal yana tofar da tartsatsi, ciyawar tudun nan kuwa da ƙasar da ke ƙarƙashinta idan suka bushe kamar auduga suke, wuta na iya cin su kwanaki. Saboda haka idan aka daɗe ba ruwa, masu layin kan janye tururi su sa kan jirgi mai dizal, ko su haɗa biyun dizal na taimakawa. Na taɓa kai baƙi wani layi a shekarar fari muka tarar da haka, kuma ban ga laifin masu layin ba, daji ya fi nishaɗinmu. Ka duba shafinsu kwana biyu kafin ku taso, ka duba jadawalin kowace rana daban, domin na Asabar da na Lahadi ba lallai su zama ɗaya ba, kuma ba kowane jirgi ke da tururi ba ko a ranar da babu fari. Wannan ma wani dalili ne na kwana a Grosmont: ko an janye su daga hanya, kawunan jirgin suna nan a gareji, Baba zai gan su ya taɓa su.

Tikitin ba shi da araha, kuma ina so ka san inda kuɗin ke tafiya. Bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da dubu biyu, an rufe wannan layi a 1965. Mutanen yankin suka kafa ƙungiya a 1967, suka yi ta tara kuɗi da aikin gayya har aka sake buɗe shi a 1973, kuma har yau ƙungiyar agaji ce ke riƙe da shi. Kowace tukunya sai an kwance ta gaba ɗaya an duba duk shekara goma, aikin da ke cin shekaru da maƙudan kuɗi. Gadoji sun tsufa. Kwal ɗin ma, a ƙasar da ta koya wa duniya haƙarsa, yanzu daga waje ake sayo shi, tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales a 2023. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ka duba na iyali, ka kuma faɗa musu akwai dattijo mai ciwon gwiwa don a nuna muku taragon da ya fi sauƙin hawa.

Kada Baba ya sa farar shadda ranar jirgi. Hayaƙin yana zubo da ɓurɓushin baƙi mai maiƙo, ba ya fita da sauƙi. Mai duhu ya fi, da rigar sanyi a ciki ko da Agusta ne, da rigar ruwa a jaka, da takalmi rufaffe maimakon silifa. Hularsa ya riƙe ta da kyau a bakin taga. Kada kowa ya fitar da kai waje jirgi na tafiya, akwai bangon rami da rassa, akwai kuma garwashi mai shiga ido. In ya shiga kada a murza, a wanke da ruwa. Ƙofofin tsofaffin taragu ba sa buɗe kansu, a wasu ma sai ka sauke gilashi ka miƙa hannu waje ka murɗa mariƙi, suna da nauyi kuma suna datse yatsa, don haka kai ne mai buɗewa da rufewa, ba yara ba. Ka gargaɗi ƙaramar tun kafin ku matsa kusa cewa bawul ɗin tsaro na iya fashewa da ƙara ba zato idan matsi ya cika. Ba haɗari ba ne, aikinsa ke nan, amma yana firgita yaro. Ta toshe kunnuwa in ta ga farin tururi ya miƙe sama.

Idan lokaci ya ragu a hanyar komawa, gidan tarihin jiragen ƙasa na York yana dab da tasha, shiga kyauta ne, kuma a nan Mallard yake, wanda ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, gudun da babu jirgin tururin da ya karya har yau. Amma in Baba ya gaji, ku bar shi sai wata rana, York ba ta da nisa da ku.

Ka cika wayarka da caji ranar Asabar da safe, ba don hoto kaɗai ba. Idan kuka tsaya a bakin gareji hayaƙin farko ya bugi hancin Baba, zai fara magana: tashar da suke hawa, abin da ake sayarwa ta taga a Challawa ko Madobi, wanda ya riƙe masa hannu, awa nawa suke yi kafin Kano. Ka danna ɗaukar murya ka sa wayar a aljihun gaba, ka jawo yaran kusa da shi, kada ka katse shi ko da jirginku na farko zai tafi ya bar ku. Akwai wani bayansa.